Bato Mai Hoto da Faifan Taurari

A Kafanchan, shekarun nan da aka ajiye fam da sule aka kama naira, in ka sauka daga jirgin ƙasa ka bi layin kasuwa, muryar Bartholomew Kumai za ka fara ji kafin ka ga shagonsa. Bato Mai Hoto ake ce masa. Gajere ne mai tumbi, kullum da kyamara a wuya, ko gishiri matarsa ta aike shi saye. A faɗarsa, ya taɓa ɗaukar zomo a guje har ana ganin gashin bakinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya kuma taɓa ɗaukar wata tsohuwa a Nok, da ta ga hoton sai ta tambayi wace kyakkyawa ce wannan, kada mijinta ya gan ta. Gaskiyar magana kuwa, rabin gidajen garin suna da hoton aure wanda ango ba shi da kai.

An daɗe ana haƙuri da shi don babu wani. Sai ga Ndubuisi, ɗan wani tsohon ma'aikacin reluwe, ya dawo daga Gabas bayan yaƙi, ya buɗe shagon hoto daidai ƙetaren titi. Ndubuisi ba shi da yawan magana, amma hotonsa yana fitowa da kai da ƙafa. Kafin wata uku bencin shagon Bato ya zama wurin kwanan akuya.

Ana cikin haka cocin unguwa ya gama sabon gini, aka ce za a keɓe shi bayan Kirsimeti, baƙi za su zo daga ko'ina. Dattawan ikilisiya, waɗanda Baba Silvanus manomin citta, maƙwabcin Bato, yake shugabanta, suka ce kowane mai hoto ya kawo aikinsa mafi kyau ranar bikin godiyar girbi. Wanda jama'a suka yaba, shi zai ɗauki hotunan keɓewa. Bato ya san in wannan ya kuɓuce masa, sai dai ya koma sayar da gyaɗa.

Ya tafi gidan Fada, limamin cocin, don ya tuna masa cewa shi ya ɗauki hoton tsohon coci tun yana da rufin ciyawa. Yana jira a baranda ya ɗauki wata tsohuwar mujalla, ya ga wani hoto da ya sa bakinsa ya buɗe. Baƙin fili ne, a tsakiya ga wani haske a murɗe, kamar faifan da aka saƙa da hayaƙi.

Fada, wani tsohon Bature mai jan hanci, ya ce masa sunan abin galaksi. Taurari ne dubu dubai suka taru suka murɗe haka, can nesa ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai dishi-dishi. Ya ce masu ɗaukarsa suna da madubin hangen nesa wanda ya fi ɗaki girma, kuma suna... To, daga nan Bato bai ƙara jin komai ba, don ya riga ya ga kansa a jarida.

Da yamma, a gindin mangwaron da mazan layi suke shan iska, ya miƙe ya ba da sanarwa.

"Ranar girbi wasu za su kawo hoton mutane. Mutane! Abin da kowa yake gani kyauta a kasuwa. Ni faifan taurari zan kawo muku, wanda Turawa suke kira galaksi."

Baba Silvanus ya ce, "Galadima na ina?"

"Galaksi, Baba. Yana sama."

"Kai Bato, ni da nake gabanka taku biyar, ka yanke mini kai. Abin da yake sama me za ka yanke masa?"

"Rana ce ta shiga idona ran nan."

"Cikin coci?"

Ndubuisi ya yi gyaran murya ya ce, "Oga Bato, wannan aiki yana da wuya fa. Ko a Legas ban ga wanda ya yi ba."

Bato ya dube shi sama da ƙasa. "Yaro, saman Legas daban, saman Kafanchan daban. Nan mun fi kusa. Ba ka ga jirgi yana nishi in zai hawo ba?"

Washegari Lucia, matar Bato, ta dawo daga kasuwa ta tarar da kan kekenta na ɗinki a kan tabarma, ƙafafun ƙarfen kuwa babu su. Ta leƙa bayan gida. Ga su can, an ɗaura musu indararon ɗaki da igiyar shanya. A bakin indararon an cusa idon wata matacciyar majigi, a gindinsa an manna kyamara da robar tayar keke.

"Baban Clara, mene ne wannan?"

"Madubin hangen nesa, Maman Clara. Ki leƙa ki ga ikon Allah."

Ta leƙa. "Ina ganin gidan zanzaro."

"Idonki bai saba ba."

"Kayan zumuntar mata fa da zan ɗinka, da haƙori zan ɗinka su?"

"In na fito a jarida, keke mai lantarki zan saya miki."

"Sai ka haɗa da lantarkin," in ji ta, ta koma kicin.

A daren farko ya hau rufin kwano da kayansa. Dabararsa mai sauƙi ce. Abu in ba ya ganuwa sosai, haske ake ba shi, ko ɗan koyo ya san wannan. Ya tara duk ƙwayayen filashar da ke shagonsa, ya haɗa su da waya, ya jera su cikin babban daron wankin Lucia don hasken ya tafi sama kai tsaye. Ya saita indararo inda ya ga taurari sun fi yawa, ya ɗaga hannu kamar yadda yake yi wa 'yan biki, ya ce, "To, kowa ya tsaya! Kada a motsa!" Ya danna.

Haske ya keta unguwa fau! Bato ya makance, ya ja da baya, ya yi fatali da daron. Daro ya gangara bisa kwano yana gurum-gurum-gurum, ya tsallaka rufin Silvanus ya ci gaba da gurum-gurum.

Lokacin kuwa kaka ce, duk wani fili da dutse na unguwar cike yake da cittar da aka tsaga aka shanya. Ai kuwa sai ihu ya tashi.

"Hadari! Ruwa! Ku kwashe citta!"

Ƙofofi suka buɗe, mata da maza suka fito da buhuna da kwanduna. Baba Silvanus ya fito ɗaure da zanin matarsa, yana kwasa yana addu'a. Cikin duhu da gaggawa cittar wannan ta shiga buhun wancan, cittar wancan ta shiga kwandon surukarsa da ba sa ga maciji. Sai da aka kwashe tas wani ya ɗaga kai ya ga sama tsaf, ko gajimare ɗaya babu, sai Bato tsugune a kan rufi yana murza ido.

Silvanus ya ce, "Bato, kai ne walƙiyar?"

"Gwaji ne, Baba."

"Kai ne tsawar kuma?"

"Wannan daro ne."

"To sauko ka zama rana, ka shanya mana citta."

Kwana biyu ana shari'ar buhuna a layin. Hoton kuwa da Bato ya wanke, ganyen gwanda ne ya fito, fes, da wani jemage da ya buɗe baki cikin firgita.

Ndubuisi ya ƙetaro titi ya same shi. "Oga, filasha ba ya kai can. Duhu ake so. Za ka bar kyamara a buɗe ya daɗe, kuma sama yana tafiya, dole ka bi shi a hankali."

"Ni za ka koya wa hoto? Ina wanke fim kana tsotson yatsa."

Da yamma kuwa aka ji Bato a gindin mangwaro yana bayani. Ya ce bincikensa ya nuna masa duhu ake so, kuma sama tana tafiya, abin da ba kowa ya sani ba.

A daren gwaji na biyu ya tura kayansa a baro zuwa wani fili bayan gari, kusa da layin dogo, inda babu fitilar kowa. Ya riƙe 'yar fitilarsa ta ɗakin wanki, mai jan gilashi, wadda ba ta ɓata hoto. Ya saita, ya buɗe kyamara, ya zauna yana ta tsara abin da zai faɗa wa 'yan jarida. Can sai ƙasa ta fara rawa. Jirgin dare ne ya karyo kwana, fitilar goshinsa tana haska daji kamar tsakar rana, kuma kai tsaye cikin bakin indararo.

Bato ya zabura. Ya ruga bakin layi yana kaɗa jar fitila sama da ƙasa, yana ihu, "Rage wuta! Rage wuta!"

Duk yaron Kafanchan ya san abin da jar fitila take nufi a kan layin dogo. Birki ya yi ƙara ƙiiii, taragai suka yi karo da juna, kwandunan tumatir suka zubo kan fasinjoji, kaji suka cika tarago da fuka-fukai. Jirgi ya tsaya. Direba ya diro, wani ƙato mai gumi, ya zo a guje.

"Mene ne? Gada ta karye?"

"A'a, gada lafiya."

"Shanu ne a kan layi?"

"Babu shanu. Fitilarka ce ta yi yawa, maigida. Ina ɗaukar hoto. In za ka kashe ta ka lallaɓa ka wuce a hankali..."

Direba ya dube shi, ya dubi indararo a kan ƙafar keken ɗinki, ya juya ya ce wa mai zuba gawayi, "Miƙo mini shebur."

Bato ya yi gudun da tumbinsa bai san yana da shi ba. 'Yan sandan tasha ne suka cece shi, suka ajiye shi a bayan kanta har gari ya waye. Wa za a taso ya zo ya tsaya masa? Shugaban dattawan ikilisiya. Baba Silvanus ya zo da sanyin safiya, ya ba da haƙuri, ya rantse mutumin ba mahaukaci ba ne, mai hoto ne kawai. Da suka kai ƙofar gida, Baba Silvanus ya juyo ya dubi Bato.

"Bato, ka yi ruwa, ka tsayar da jirgi. Saura me? Ka faɗa mini tun yanzu in kwana da wando."

Bato ya ce, "Baba, ka taɓa jin Ndubuisi ya tsayar da ko da keke?"

Saura kwana kaɗan bikin girbi, Bato ya ɗauki kayansa ya nufi duwatsun hanyar Kagoro, inda babu citta babu jirgi. Wannan karon ya zo da sabuwar fasaha. Ya haɗa bel ɗin keken ɗinki da indararo, yadda in ya taka feda indararo zai juya ya bi sama. Takun farko indararo ya zagayo ya maka masa a ƙeya. Ya sassauta bel, ya sake zama, ya buɗe kyamara, ya shiga takawa a hankali, ƙit, ƙit, ƙit. Iska mai sanyi tana kaɗawa, gyare suna kuka. Ƙit. Ƙit.

Muryar mace ce ta tashe shi. Rana ta fito, aladun ƙauye suna shinshinar takalminsa, ga mata masu zuwa rafi sun kewaye shi da tuluna a ka. Ɗaya ta miƙo masa zani.

"Tela, ka kama mini bakin nan, ya yage."

Ya kore su, ya juya ga kyamara. Murfi yana nan a rufe a idon majigin, ram. Ya tsaya yana tunani. Shin ya cire shi jiya kuwa? Sai ya yi murmushi. Ai shi ne ya mayar da shi cikin barci kafin gari ya waye, don kada rana ta ƙona aikin. Gwani ko a barci gwani ne.

Ya kulle kansa a ɗakin wanki tun hantsi. Lucia ta turo masa soyayyen naman alade ta ƙarƙashin labule, yana ci yana aiki da maiƙo a yatsu, don babban mutum ba ya da lokacin zama cin abinci. Da ya ɗaga dodon hoton, wato fim ɗin da ya wanke, a gaban jar fitila, da farko bai ga komai ba. Ya karkata shi. A gefe guda ga wani ɗan abu dishi-dishi, a murɗe, zobe cikin zobe. Ya buga shi a takarda mafi girma da yake da ita, hoto ya taso cikin ruwan magani sannu a hankali: baƙin fili, da faifai na haske a tsakiya.

Ihun da ya yi sai da Baba Silvanus ya fito ya dubi sama.

Ranar godiyar girbi, bayan an fito daga sujada, harabar coci ta cika. Ga doya tuli, ga buhunan acca da citta, ga kaji ɗaure da ƙafa, 'yan zumuntar mata suna kaɗa tulu suna waƙa. Ndubuisi ya fara nuna nasa: hoton 'yan zumuntar ne, kowace da kanta a wuyanta. Aka yi tafi daidai gwargwado.

Sai Bato ya fito cikin kwat, da sandar nuni a hannu. Ya jingina hotonsa a kan tebur, lulluɓe da farin mayafi. Ya yi jawabi a kan wahalar da masana suke sha a hannun jahilai, yana satar kallon Silvanus, sannan ya fizge mayafin.

Wata mata ta yi alamar gicciye. Fada ya sa tabarau ya matso, ya ce lalle akwai kama, sai dai bai taɓa ganin mai zobba da yawa haka ba.

"Namu na Kafanchan ne, Fada, ya fi nasu cika," in ji Bato. Ya ɗora sanda. "Nan ce cibiya. Kowane zare da kuke gani taurari ne dubu dubai. Wannan layin kuwa da ya ratsa ta gefe, babu Baturen da ya taɓa ganinsa. Ni na gano shi. Na sa masa suna Hanyar Bartholomew."

Har Baba Silvanus ya fara gyaɗa kai, sai wata tsohuwa ta kutso da sandarta. Kaka Paulina ce, wadda mijinta ya yi aikin reluwe har ya mutu. Ta kai hancinta dab da hoton, ta daɗe tana kallo.

"Ɗana, wa ya sa hannu a nan?"

"Kaka, ki ja baya, wannan sama ce."

"Sama? Wannan ai abin da nake dangwala wa akawu ne duk ƙarshen wata, in na je karɓar fanshon Baba. Sai dai na wannan mutum ya yi girma. Ƙato ne?"

Ta ɗaga babban yatsanta tana dubawa. Na kusa da ita ya ɗaga nasa. Kafin ka ce kwabo, duk harabar coci, manya da yara, har katikis, kowa ya kafa wa babban yatsansa ido, ya dubi hoto, ya sake duban yatsa. Fada ma ya juya baya ya duba nasa a ɓoye.

Bato ya zura hannunsa cikin aljihun kwat. "Jama'a, kamanni ne kawai! Ai halittar Ubangiji duk..."

Lucia ta taso daga cikin 'yan zumunta, ta tsaya gaban hoton ta riƙe ƙugu.

"Wannan hanyar taka na san ta, Baban Clara. Ina wurin aka yi ta. Ranar da ka ce ban iya feren doya ba, ka karɓi wuƙa za ka koya mini."

Baba Silvanus ya ce a kawo tukunya. Aka kawo ta girkin biki, baƙa ƙirin. Ya kamo hannun Bato daga aljihu kamar mai ciro ɓera daga rami, ya goga yatsan a gindin tukunya, ya danna shi a farin mayafin. Ga cibiya, ga zobba, ga Hanyar Bartholomew ta ratsa ta gefe, ba ragi ba ƙari.

Dariya ta fashe har kaji suka tsorata. Masu tulu suka kama kiɗa, nan take wata ta ƙago waƙa a kan mutumin da ya hau dutse neman abin da ke hannunsa. Ndubuisi ya toshe baki da hankici, kafaɗunsa suna rawa. Silvanus ya share hawaye ya ce ba sai an kaɗa ƙuri'a ba, hotunan keɓewa na Ndubuisi ne, Bato kuma ya mayar wa Maman Clara ƙafar kekenta kafin rana ta faɗi.

Bato ya tsaya da baƙin yatsa a sama, yana kallon jama'a. Ya gyara kwat.

"Ku yi dariya. Turawa sai sun gina madubi kamar ɗaki kafin su ga abin nan. Ni da shi aka haife ni."

Kaka Paulina ta ja shi ta hannun riga. "Ɗana, bar su. Ka yi mini nawa, ƙarami, in riƙa miƙa wa akawu. Na gaji da tawadar nan, ba ya fita a hannu."

Fuskar Bato ta washe. "Ki zo shago gobe, Kaka. Kuma ki shaida wa mutane, duk faɗin ƙasar nan ni kaɗai nake irin wannan hoton."

Baba Silvanus ya ɗaga hannu ya ce a rubuta ranar nan. Ya ce rabon da a ji gaskiya daga bakin Bato a harabar coci tun ranar da aka yi masa baftisma, ran nan ma kuka kawai ya yi.